Ƙofa da Mabuɗi: Kwatanci Tsakanin Wasannin The Legend of Zelda

Gabatarwa

A ranar 21 ga Fabrairu, 1986, kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da wani wasan bidiyo mai suna The Legend of Zelda, wato hikayar Zelda. Daga wancan lokaci zuwa shekarar 2024 an yi manyan wasanni kimanin 20 a ƙarƙashin wannan suna. Duk wanda ya taɓa zama da masu sha'awarsu ya san gardamar da ba ta ƙarewa a tsakaninsu, wato wanne ne ya fi? Wannan muƙala za ta yi tsokaci a kan wasu daga cikin wasannin, tare da neman ma'aunin da ya dace a auna su da shi.

Idan da labari za a yi awon, ba za a yi nisa ba, domin kusan kullum labarin ɗaya ne. Akwai wani yaro jarumi mai suna Link, da gimbiya Zelda, da mugu Ganon wanda ke son mallake ƙasar Hyrule ta hanyar wani abu mai tsarki da ake kira Triforce. Mai karatu ya lura, Zelda sunan gimbiyar ne, ba na jarumin ba, kuma wanda ya ƙirƙiro wasan, Shigeru Miyamoto, ya aro shi ne daga Zelda Fitzgerald, matar wani marubuci Ba'amurke. Ɗalibin adabin baka ba zai yi mamakin wannan maimaici ba. Gizo da Ƙoƙi ma ba sa canzawa, abin da ke canzawa shi ne bakin mai ba da tatsuniyar. To a Zelda, bambancin yana ga tambayoyi biyu: wa ke riƙe da mabuɗin ƙofa, kuma yaya yawan maganar da wasan ke yi wa mai wasa?

Daga Daji Zuwa Tsari

Wasan farko kamar jefa mutum a daji ne ba tare da ɗan jagora ba. Link yana tsaye a fili, hannunsa babu makami, ga bakin kogo a gabansa. Idan ya shiga, wani tsoho zai ba shi takobi da jimla ɗaya tak. Idan bai shiga ba, babu mai kiransa. Ƙasar ta kasu zuwa allo 128, da kurkuku tara a ɓoye a cikinta. (Kurkuku a nan na nufin ginin ƙarƙashin ƙasa mai ɗakuna da tarkuna, da babban dodo a ƙarshensa.) Wata ƙofar sai an ƙona bishiya da kyandir za ta bayyana, wata kuwa sai an fasa dutse da bam, kuma babu alamar da za ta nuna wace bishiya ce ko wane dutse. Miyamoto ya sha faɗin cewa yawon da ya yi yana yaro a dazuzzuka da kogunan Sonobe, kusa da Kiyoto, shi ne tushen wasan. 'Yanci kam akwai shi, amma wani lokaci bai da maraba da ɓata.

Na biyu, The Adventure of Link na 1987, ya bi wata hanya dabam wadda ba a sake komawa kanta ba, don haka za mu wuce shi.

A Link to the Past na 1991 shi ne ya kafa tsarin da aka bi har shekara 20. Ga yadda yake: ka shiga kurkuku, ka tsinci wani kayan aiki a cikinsa, alal misali baka da kibiya ko ƙugiya mai sarƙa ko guduma. Da wannan kayan za ka warware sauran tarkunan kurkukun, da shi za ka kashe dodonsa, kuma idan ka fito, shi ne zai buɗe maka wani sashe na ƙasar da a da ka gani amma ka kasa shiga. Ke nan kowane kayan aiki mabuɗi ne, kuma masu wasan ne ke miƙa shi a lokacin da suka ga dama. Daɗin wannan tsari shi ne tunawa: ka tuna wani rami da ka wuce sa'o'i uku baya, ka ce ashe ga maganinsa.

Ocarina of Time na 1998, a kan na'urar Nintendo 64, ya ɗauki wannan tsari ya ba shi tsawo da faɗi da zurfi. Babbar matsalar masu yin sa ita ce yadda za a yi faɗa da takobi alhali abokin gaba na iya zagayowa ta baya. Sai suka ƙirƙiro dabarar danna maɓalli guda wanda ke kafe idon Link a kan maƙiyi ɗaya, dabarar da wasanni da yawa suka kwaikwaya daga baya. Link yana farawa a yaro, ya zare takobi mai tsarki, ya farka bayan shekara bakwai ya tarar kasuwar da ya sani cike da raha ta zama kufai. A dandalin Metacritic, mai tara makin manazarta, wasan ya sami 99 cikin 100. A ganina, ta fuskar gini babu wanda ya kai shi a cikin na tsohon tsari. Sai dai ba a rasa nono a ruga: Haikalin Ruwa, inda ake ta ɗaga ruwa ana saukewa, ana tsayar da wasa don sa takalmin ƙarfe a sake tsayarwa don cire shi, ya gajiyar da mutane har sai da aka sauƙaƙa shi a bugun 2011. Haka kuma a nan ne aka haɗa Link da 'yar aljana Navi, mai yawan katse shi da tunatarwa. Surutu ya fara shigowa ke nan.

Wanda Ya Fita Dabam

Ya kamata a ɗan tsaya a kan Majora's Mask na shekarar 2000, domin ya nuna cewa ƙunci ma yana da amfaninsa. Manyan kurkukunsa huɗu ne kacal, amma wata na faɗowa a kan ƙasar Termina, kuma kwana uku ya rage, wanda a agogon gaske bai cika sa'a guda ba. Kafin lokacin ya cika dole Link ya busa sarewarsa ya koma safiyar ranar farko, yawancin abin da ya gyara kuma ya sake lalacewa. Kowane mutumin gari yana da harkarsa da lokacinta, ko kana nan ko ba ka nan. Akwai wata budurwa mai kula da masauki, Anju, wadda angonta Kafei ya ɓace ana gab da biki. Kafin a haɗa su sai an bi sawunsu tsawon kwanakin uku, kuma haɗuwar tasu na zuwa ne a sa'o'in ƙarshe, wata na dab da rufto musu. A nan ƙofar da ke kulle lokaci ne, mabuɗinta kuma sanin halin mutane. Ban ga wani a jerin da ya sa mai wasa ya damu da talakawan gari kamar wannan ba.

Lokacin da Magana Ta Yi Yawa

The Wind Waker, wanda ya fito a Japan a 2002, ya sha suka tun kafin fitowarsa saboda hotonsa mai kama da zanen yara. Abin mamaki, wannan zanen ne ya sa bai tsufa ba kamar takwarorinsa. Aibinsa na gaskiya yana can wajen ƙarshe, inda ake tilasta wa mutum neman taswirori takwas, ya biya kuɗi a fassara masa kowace, sannan ya bi teku yana tsamo gutsattsarin Triforce. A bugun 2013 an rage taswirorin zuwa uku, wanda hakan amsa laifi ne a fakaice. Twilight Princess na 2006 ya dawo da hoto mai duhu da kurkuku masu kyau ƙwarai, amma sai mutum ya yi kiwon awaki da kamun kifi a ƙauye na tsawon lokaci kafin a sake shi. Wani abin lura: Link bahago ne, amma da yake yawancin masu riƙe sandar na'urar Wii da dama suke riƙewa, sai aka juya duniyar wasan gaba ɗaya kamar a madubi, gabas ta koma yamma.

A Skyward Sword na 2011 ne tsarin ya kai maƙura. Ƙasar ta rabu gida uku waɗanda ba sa haɗuwa da juna, kowane yanki kamar kurkuku ne a sarari. Abokiyar tafiyar Link, wato Fi, ruhin takobinsa, ba ta barin mutum ya yi tunani: kafin ka gama duban matsala ta faɗa maka amsarta, har da lissafin kashi kaza cikin ɗari, kuma takan sanar da kai cewa batirin sandarka ya yi sanyi. Labarinsa na da taɓa zuciya, domin a nan Zelda ƙawar Link ce tun ƙuruciya. Amma tsakanin tsohon nan mai jimla ɗaya na 1986 da Fi, an yi tafiya mai nisa, kuma ba duka tafiyar ce ci gaba ba.

Mayar da Mabuɗi

Alamar sauyi ta fara bayyana a A Link Between Worlds na 2013, inda ake hayar kayan aiki a shago, mutum ya shiga yawancin kurkukun a jerin da ya so. Sai Breath of the Wild, wanda ya fito ranar 3 ga Maris, 2017, ƙarƙashin jagorancin Hidemaro Fujibayashi da Eiji Aonuma. A sa'o'in farko ake ba mai wasa dukkan manyan dabarun da zai buƙata, da wata lema ta sauka daga tudu, sannan a ce masa ga fadar da Ganon yake can. In ya so ya nufe ta nan take da sandar itace a hannu. Babu ƙofar da ke jiran wani mabuɗi na musamman, sai dokokin duniya: wuta na cin ciyawa, zafinta na ɗaga lema sama, ƙarfe na jawo tsawa, ruwan sama na sa dutse santsi. Masu yin wasan sun bayyana a 2017 cewa sun fara gwada waɗannan dokoki ne a wani ɗan samfuri mai kamannin wasan 1986. An sayar da fiye da kwafi miliyan 30, adadin da babu wani Zelda da ya kusance shi kafin nan.

To amma me aka biya? Manyan kurkuku sun koma huɗu masu kama da juna, tare da ƙananan ɗakunan gwaji 120 masu bango iri ɗaya. Makamai na karyewa bayan ɗan faɗa. Tun da ba a san ta inda mai wasa zai bi ba, labarin ya zama gutsure-gutsuren tunani da ake tsinta ba bisa jeri ba. Wanda ya san daɗin samun ƙugiya a tsakiyar kurkuku, ya ga ƙasa ta buɗe masa, ba zai sami irinsa a nan ba. Tears of the Kingdom na 12 ga Mayu, 2023, wanda aka sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku, ya ƙara tsibiran sama da wata duniya mai duhu a ƙarƙashin ƙasa, ya kuma ba mutum ikon manna abubuwa ya ƙera mota ko gada ko jirgi. Wato yanzu mai wasa da kansa ke ƙera mabuɗin. Sai dai idan dabara ɗaya, kamar doguwar gada ta katako, tana warware matsala goma, anya matsalar ta ci sunanta?

Akwai wani ɓangare da zai ja hankalin ɗaliban harshe. Sunan Link na nufin mahaɗi, kuma ba a jin maganarsa, sai ihun sara da nishi. A yawancin tsofaffin wasannin mai wasa na iya raɗa masa sunan da ya so, har da nasa. Da aka sa muryoyin mutane a wasan 2017, wannan dama ta tafi, domin Zelda na kiran sunansa da baki. Ke nan wasan da ya fi kowanne sakin ƙafar mai wasa shi ne ya ƙwace masa suna. Haka zalika rubutun mutanen Hyrule da ake gani a alluna ba harshe ne mai nahawunsa ba, musayar haruffa ce kawai: a The Wind Waker Japananci ne a ƙarƙashinsa, a Twilight Princess kuwa haruffan boko ne aka sauya wa kama. Ita kuwa gimbiyar da wasan ke ɗauke da sunanta, sai a Echoes of Wisdom na 2024, shekara 38 bayan farawa, Nintendo ya ba ta jagorancin babban wasa, inda Link ne ya ɓace ita ta fita nemansa.