Ciwon da ido ba ya gani

Ranar 2 ga watan Yuni 2023, da almuru, jiragen ƙasa uku suka yi karo a yankin Balasor, cikin ƙasar Indiya. Mutum 296 suka rasu, fiye da 1000 suka ji rauni.

An ɗinke raunuka, an ɗora karaya. Amma akwai ciwon da ido ba ya gani. Wanda ya tsira yakan kasa barci. In ya rufe ido, sai ya riƙa jin kukan mutane. In ƙarfe ya faɗi, sai ya zabura, gumi ya karyo masa.

Lokotoro da masu jinya sun kwana suna aiki cikin jini. Su ma mutane ne, abin da suka gani yana bin su har gida.

Mutanen ƙauyen Bahanaga suna cikin waɗanda suka fara zaro mutane daga taragai. An jera gawawwaki cikin lakwal ɗin ƙauyen. Daga baya yara suka ji tsoron komawa aji, har aka rushe ginin don a sake wani.

Wannan ciwo ba hauka ba ne. Firgita ce ta zauna a zuciya. Yawanci tana raguwa cikin 'yan makonni. In ta wuce wata ɗaya, sai a tafi asibiti.

Manoma da makiyaya, in ɗan'uwanku ya tsira daga hatsarin mota, kada ku ce masa "manta kawai". Ku zauna kusa da shi. In yana son magana, ku saurara. In ba ya so, kada ku matsa masa.