Python: Wurare uku da kwatanta jeri ke yaudarar masu koyo

Idan kana koyon Python a wayarka da manhaja irin su Pydroid 3, wata rana za ka rubuta umarni tsaf, amma amsa ta fito a karkace. Sau da yawa ba laifin waya ba ne. Python na da nasa ma'aunin na gane ko abubuwa biyu daidai suke, kuma ba kullum yake dacewa da abin da ido ke gani ba.

Fara da `[1, 0] == [True, False]`. Amsar ita ce `True`, domin a wajen Python `True` lamba 1 ce, `False` kuma 0. A ce kana tara makin ɗalibai, wanda bai zauna jarrabawa ba ka sa masa `False`. Idan ka rubuta `[False, 0, 45].count(0)` za ka samu 2, wato an haɗa shi da wanda ya ci sifili. Gara ka sa masa `None`.

Na biyu shi ne NaN, alamar lissafin da ba shi da amsa. Ƙa'idar IEEE 754 ta 1985 ta tanadi cewa NaN ba ya daidai da komai, har da kansa. Rubuta `x = float("nan")`. Za ka ga `x == x` ya ba da `False`, amma `x in [x]` ya ba da `True`. Dalili kuwa, a cikin jeri Python kan fara duba ko abu ɗaya ne a ma'ajiya kafin ya auna ƙimarsa. Shi ya sa `float("nan") in [x]` ke komawa `False`, tunda sabon NaN ne. Abin dogaro a nan shi ne `math.isnan`.

Na uku, umarnin `match` da ya zo da Python 3.10 a watan Oktoba 2021. `case [a, b]` zai kama `[3, 4]`, ya kama `(3, 4)`, amma ba zai kama rubutun `"ok"` ba, duk da haruffa biyu ne. Haka kuma `case [1]` na kama `[True]`, alhali `case [True]` ba ya kama `[1]`.

Irin waɗannan kurakurai ba sa fito da jan rubutu a allo. Manhajar za ta ci gaba da aiki, lissafin ne zai lalace. Kafin ka yarda da jeri, gwada shi da 0, `False`, `None` da NaN.