Tantance Takardar Shaida a Hanyoyin Hira na Kwamfuta

Lokacin da Jarkko Oikarinen ya ƙago tsarin hira na IRC a ƙasar Finlan cikin 1988, saƙonni a fili suke tafiya, duk wanda ya tare hanya yana iya karanta su. Daga baya aka shigo da TLS, watau dabarar kulle zance yadda ba mai fahimtarsa sai ɓangarori biyun da ke yinsa.

To, amma kulle zance daban, sanin wanda ake zancen da shi daban. Saboda haka babbar kwamfutar da ke haɗa masu hira takan gabatar da takardar shaida, manhajar mai hira kuwa ta duba ta: shin hukumar da ta sa hannu amintacciya ce? Sunan da ke ciki ya dace da inda aka nufa? Wa'adinta bai ƙare ba?

A nan ne aka daɗe ana sakaci. Da yake takardun da kuɗi ake sayensu, masu kula da hanyoyin IRC da dama sukan sa wa nasu hannu da kansu, har masu hira suka saba da tsallake binciken. Wanda ya yi haka kuwa, ɗan kutse yana iya tsayawa tsakani da takardar jabu, ya karɓi kalmar sirrinsa, alhali shi yana ganin zancensa a kulle yake. Uzurin kuɗi dai ya kau tun 2015, sa'ad da Let's Encrypt ta fara ba da takardun kyauta.