Hausar Adar a kwamfuta: wa zai naɗi muryar Bambeye?

A Bambeye da ƙauyukan da ke kewaye da Tawa, saƙon murya ya zama wasiƙar zamani. Ɗan ci-rani a Abijan ko Libiya ya danna WhatsApp, uwa ta saurara, ta mayar da amsa. Kullum ana naɗar Hausar Adar, amma masu bincike ba sa cin moriyarta.

Dalili kuwa, WhatsApp na matse sauti don a rage cin data, kuma a nan ake zubar da abin da mai nazari ke nema. Shi ya sa a ɗakin bincike aka fi son tsarin WAV, wanda awa 1 kacal kan cinye wajen megabait 345. Daga nan sai manhajar Praat, ta Jami'ar Amsterdam, ta zana hawa da saukar murya, wato abin da ke raba wuya na jiki da wuya ta wahala. ELAN kuma tana haɗa bidiyo da rubutu daƙiƙa bayan daƙiƙa.

Adar ba baƙuwar masu bincike ba ce. Nicole Echard ta ɗauki fim kan maƙeran yankin, Djibo Hamani ya wallafa tarihin Adar a 1975, Bernard Caron kuma ya fitar da littafi kan Hausar Adar a 1991.

Yau lamarin ya wuce na malaman jami'a. Manhajojin da ke mayar da magana rubutu suna koyo ne daga muryoyin da aka ba su. Shirin NaijaVoices ya tara kusan awa 1,800 na Hausa, Yarbanci da Ibo, amma a Najeriya. Ba'adaren da ke cewa "hwari" maimakon "fari", ko "ɗiya" a madadin "'ya", zai iya tarar da na'ura ta kasa gane shi.

Ƙofa a buɗe take. Common Voice na Mozilla yana karɓar muryar Hausa daga duk mai waya, ga kuma jami'a a Tawa tun 2010. Sai dai aikin na son ɗaki marar iska da ƙarar janareta, da kwafi 2 a wurare dabam. Mafi wuya shi ne neman izini: tsohuwar da ta yi tatsuniya gaban kyamara tana da haƙƙin sanin inda muryarta za ta, musamman da yake abin da aka saka a Common Voice kowa na iya ɗauka kyauta, har kamfanoni.