Ko Kun Sani? Sigina Mai Gudu Ta Haura Shekara 50

Siginar nan da wutarta ke gudu daga ciki zuwa waje, wadda matasa ke sa wa tsofaffin motocinsu, ba sabuwar ƙirƙira ba ce. Kamfanin Ford na Amurka ya fito da ita a motar Thunderbird ta 1965, Mercury Cougar ta biyo baya a 1967. A wancan zamani wani ɗan ƙaramin inji mai juyawa ne ke kunna ƙwayaye 3 ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ƙwayayen LED ke wannan aiki.

A nan ne tsohuwar mota kan yi gardama. LED ba ta shan wuta kamar tsohon ƙwan fitila, sai filashar motar, wato na'urar da ke sa sigina ƙiftawa, ta ɗauka ƙwai ya mutu, ta shiga ƙiftawa da sauri fiye da kima. Ƙa'idar da aka sani ita ce ƙiftawa 60 zuwa 120 a minti. Mai gyaran wutar mota kan sauya filasha da ta zamani, ko ya ƙara resista. Resistar kan yi zafi sosai, don haka a jikin ƙarfe ake ɗaure ta, nesa da roba da wayoyi.

A Tamale, inda babura da kekuna da "yalo-yalo" masu ƙafa uku ke kutsawa ta kowane gefe wajen kasuwar Aboabo, sigina ba ado ba ce. A zaɓi mai launin ruwan lemo wadda ake gani ko da tsakar rana. Fitilu na cikin abin da ake dubawa kafin hukumar DVLA ta ba mota takardar lafiya.