Kafin Ka Haƙa Rijiya a Gidanka

Duk magidancin da ya yi gini a unguwannin bayan gari na Injamena, irin su Digel, Waliya ko Tukra, ya san cewa famfon kamfanin STE bai kai ko'ina ba. Abin da ya rage masa shi ne sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa kullum, ko ya haƙa rijiyar burtsatse, wadda muke kira foraj.

Allah ya yi wa birnin nan baiwa. Yana zaune a mahaɗar kogin Shari da Logon, ƙasarsa kuwa yashi ce da yumɓu, babu dutse. Saboda haka masu haƙa da hannu ke iya kai wa ruwa cikin 'yan kwanaki, kuma galibi suna sauka mita 30 zuwa 50. Ana cin karo da ruwa tun kafin wannan zurfi, amma ruwan sama-sama shi ne mafi saurin gurɓata. Kada maigida ya yarda a tsaya da zarar an ga danshi.

Game da yawan ruwa, famfon hannu irin India Mark II yana ba da kamar lita 10 zuwa 15 a minti guda. Wannan ya wadatar da gida mai mutum goma, har da maƙwabta. Wanda zai sa injin lantarki ko na hasken rana, sai ya nemi a gwada ƙarfin rijiyar tukuna, domin injin da ya fi ƙarfinta yashi zai riƙa jawowa har ya lalace.

Kuɗin aiki ya danganta ga zurfi, da ingancin bututu, da irin famfon. Haƙa da hannu ya fi na babbar mota araha nesa ba kusa ba, shi ya sa hukumar UNICEF ta tallafa wa horar da masu wannan sana'a a Cadi. Sai dai araha ba ta ado. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: mita nawa, wane bututu, za a zuba tsakuwa, za a toshe bakin ramin da siminti. Kada a cika kuɗi sai ruwa ya fito garau.

Babban haɗari shi ne masai. Ana son tazarar mita 30 tsakaninsa da rijiya, har da masan maƙwabci. Mun ga yadda ambaliyar 2022 da ta 2024 ta shafe gidaje a Waliya, ruwan ƙazanta ya malala cikin rijiyoyi, kuma ba mu manta da kwalarar 2011 ba. A ɗaga dakalin rijiya, a kai ruwan a gwada, a riƙa sa masa sinadarin kulorin.

Idan filinka ya yi ƙunci, ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku haƙa guda mai kyau. Shayar da ruwa sadaka ce mai gudana. Allah ya sa mu dace, amin.