Wa Ke Biyan Kuɗin Dokar Sanar da Iyaye?

A farkon shekarar 2000 jihar Texas ta Amurka ta fara aiki da wata doka: likita ba zai zubar wa yarinyar da ba ta kai shekara 18 ciki ba sai ya sanar da mahaifinta ko mahaifiyarta da awa 48. Ni dai da wuya in ga uban da zai ƙi wannan. Sai dai dokar tana da lissafi, kuma baitulmali ke ɗaukarsa.

A 1979 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce jihar da ta shardanta yardar iyaye dole ta bar wa yarinya ƙofar zuwa gaban alƙali a asirce. A Texas, ƙarƙashin dokar, kotu ke naɗa mata lauya, gwamnati ta biya.

Wannan kuɗin ma ƙarami ne. Wani bincike da aka buga a 2006 ya nuna zubar da ciki ya ragu tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 17, amma haihuwa ta ƙaru tsakanin waɗanda ke dab da 18. Wasunsu kuwa ƙirga makonni suka riƙa yi har ranar cikarsu 18, ciki ya girma, aikin ya ƙara tsada da haɗari. Wadda ta haifa, sau da yawa shirin Medicaid na marasa galihu ke biyan kuɗin asibitinta. Kusan rabin haihuwar jihar shi ke ɗauka.

Masu goyon bayan dokar na cewa ran jariri ba a sa masa farashi. Jihar Illinois ta soke irin wannan dokar a 2021, Texas kuma ta haramta zubar da cikin kusan baki ɗaya a 2022.